Kalmar Sirrin Da Na Faɗa a Gaban Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Litinin a Birmingham, ranar da bakina ya faɗi abin da ya daɗe yana alfaharin ba ya faɗa, kuma a gaban matar da ta fi kowa cancantar kada ta ji. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko da a cikin bas nake, sai in ji na ɗaga jaka na rufe fuska.

Sai na fara gaya muku wace ce ni a lokacin, don ku san daga inda na faɗo. Ni ce sarauniyar kunya ta cocinmu a Manchester. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Mu Hausawa ne na wajen Malumfashi, Kirista tun kakanni, kuma a gidanmu mace ba ta kiran sunan mijinta. Da wannan na tashi, na sa shi a akwati na kawo Ingila, na zo na ƙara masa gishiri. Sunan mijina Ishaya (yanzu ina iya rubutawa, ai aikin gama ya gama), amma a bakina shi Baban Alheri ne, ko maigidan, ko in ya ɓata mini rai, mutumin nan. Ko a asibiti aka tambaye ni sunansa, katinsa nake miƙawa su karanta da kansu. In aka ba ni karatu a zumuntar mata, karatun ya faɗo kan annabin nan mai sunansa, sai tari ya kama ni in miƙa wa ta kusa da ni.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma ni har wa'azi nake yi wa 'yan matanmu da aka haifa a nan. Wadda ta fi shan wa'azina ita ce Murna, 'yar ƙanwar surukata, haihuwar Birmingham, Hausarta rabi da rabi. Ba ta daɗe da aure ba na ji ta ƙwala wa mijinta kira da sunansa gatsal a tsakiyar taro, kamar mai kiran yaron shago. Na ja ta gefe na wanke ta tas. Na ce mata ni da take gani, ko wuƙa aka sa mini a wuya sunan mijina ba zai fito daga bakina ba.

Ina aiki ne a kamfanin surukata, uwar mijina, wadda kowa ke kira Mama. Tsohuwar nas ce, da ta ajiye aiki sai ta buɗe kamfanin kula da tsofaffi a gidajensu: a yi musu wanka, a ba su magani, a ɗumama musu abinci. Babban ofis yana Small Heath a Birmingham, a saman wani shagon yadi, can Mama da Murna suke. Ƙaramin kuma yana Levenshulme a Manchester, ni da ƙawata Ladi muke riƙe da shi. Mama ba ta da faɗa, amma tana da wani shiru da ya fi faɗa zafi. Duk abin da nake yi a duniya, rabinsa don in ji ta ce, "Wannan 'yar gidan mutunci ce." Kuma tana faɗa, a gaban mutane ma, har ta kan kafa misali da ni.

Ofisoshin biyu suna aiki da rumbun bayanai guda ɗaya, fayil ɗaya ne da kowa ke shiga daga kwamfutarsa a lokaci guda. A ciki akwai adireshin kowane tsoho, da magungunansa, da lambar akwatin da ake ajiye makullin ƙofarsa, da jadawalin wa zai je gidan wa. Duk wannan a buɗe yake kamar rijiyar unguwa, duk wanda ya zauna a kujera ya danna sai ya shiga. Ni kuwa na taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na yamma, kuma ni ke gyara firinta (wato in kashe ta in sake kunnawa, in tsaya ina murza haɓa). Don haka a wani taro na miƙe na yi jawabi a kan amanar tsofaffi, na ce dole a sa wa rumbun nan kalmar sirri. Mama ta gyaɗa kai ta ce, "To 'yata, ki sa mana."

Sai da na zo sawa na gane abin yana da sharaɗi. Ba a sa masa kalmar sirri, ba a kuma canza ta, sai kowa da kowa ya fita, mutum ɗaya ya buɗe shi shi kaɗai. Fitar da mutanen ofishinmu daga fayil ya fi fitar da baƙi daga gidan biki wuya. Wannan ta ce bari ta ƙarasa layi ɗaya, waccan ta ce ta rufe alhali ɓoye shi kawai ta yi a ƙasan allo. Da ƙyar na samu kowa ya fita ranar Juma'a da yamma. Mutanen Birmingham suka buga jadawalin safiyar Litinin a takarda, aka shirya zan hau jirgin ƙasa in je in buɗe musu da kaina, in koya musu.

Na zauna ni kaɗai, ɗan akwatin ya fito a allo yana jiran kalma. Na tuna abin da malamin kwas ya ce: ta zama doguwa, kuma abin da ba wanda zai taɓa zaton za ki sa. Na yi tunanin ranar haihuwata, na ga Ladi ta sani. Na yi tunanin sunan ƙauyenmu, na ga yana rubuce a jikin kalandar ofis. Can sai dabara ta zo mini, har na tafa wa kaina. Wace kalma ce duk Manchester da Birmingham suka san ba na faɗa? Ɓarawo zai gwada duk kalmomin duniya kafin ya gwada wannan. Na buga sunan mijina. Na ga ya yi gajere, sai na ƙara masa abin da nake ce masa in mun rufe ƙofa, yara sun yi barci. (Mutumin nan dattijon coci ne, ba ya dariya a waje, amma Allah ya yi masa kumatu.) A zatona kalmar tawa ce ni kaɗai, kamar ta imel, daga baya in ba kowa tasa.

Litinin da safe kwamfutar Ladi ta nemi kalmar sirri. Na ce ta matsa in ba ta tata. Na duba sama, na duba ƙasa, babu wajen ba kowa tasa. Ashe makulli ɗaya ne na ƙofar gida, mutum nawa ne za su shiga a lokaci guda ba damuwa, amma duk da shi za su shiga. Da ina da hankali, a take zan canza, tunda ba kowa a ciki. Amma waya na ta ƙara, ma'aikata na jiran a gaya musu inda za su, jirgina kuma ya kusa tashi. Na aiki Ladi ta haɗa shayi, na buga kalmar da sauri (Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro ɗige-ɗigen nan masu ɓoye rubutu albarka), rumbun ya buɗe. Na ce mata kada ta kuskura ta rufe shi, ko sama da ƙasa za su haɗe, har sai na kira ta. Na fita ina lissafin in na isa Birmingham zan canza kafin kowa ya ankara.

A cikin jirgi hankalina ya kwanta, har na ci gyaɗa na shirya jawabi.

Da na hau matakalar ofishin Small Heath, na tarar Mama ta tara ma'aikata, an soya ƙosai, an jera kujeru. Ta gabatar da ni da cewa ga 'yarta mai ilimin kwamfuta ta zo daga Manchester. Aka yi tafi. To, wanda aka yi wa tafi ba ya fara zama gyaran kuskure, jawabi yake farawa. Na yi musu bayanin yadda kowa zai ci gaba da aiki a lokaci guda kamar da, sai dai yanzu ƙofa tana da makulli. Daga nan na shiga dokoki. Ba a rubuta kalmar sirri a takarda, ba a tura ta a waya, a kai ake riƙe ta. Na hango wata 'yar takarda rawaya manne a kwamfutar Murna, ɗauke da kalmar imel ɗinta. Na taka har wajen, na ɓare ta, na ɗaga kowa ya gani, na ce wannan da barin makulli a jikin ƙofa duk ɗaya ne. Mama ta ce gaskiya ne.

Sai na zauna a kwamfutar tafi-da-gidanka ta Mama, na kare madannai da hannu ɗaya, na shiga. Na lallaɓa zuwa wajen canza kalma. Kwamfuta ta ce ba zai yiwu ba, akwai wani a ciki. Na sake gwadawa, ta sake faɗa. A nan na tuna da sharaɗin Juma'a, na tuna kuma wa na ce wa kada ta rufe. Na ce su ci ƙosai ina zuwa, na fita matakala na kira Ladi.

"Ai ba na ofis," in ji ta. "Motar mai zuwa gidan tsohon nan na Stockport ce ta lalace, na fito da kaina in ba shi magani, daga nan akwai wasu gidajen. Kada ki damu, ban rufe ba, a buɗe na bar shi yadda kika ce. Ofis ɗin kawai na kulle."

Ta ce sai yamma za ta koma. A duk zamana da Ladi ban taɓa ba ta umarni ta bi shi daidai ba sai ranar.

Na dawo na tarar Mama ta ɗaura ɗankwalin fita. Ashe tana da zama a babban asibitin Edgbaston, za a sallamo wata tsohuwa, ana so a ga ko muna da ma'aikatan da za su karɓe ta a gida. Dole ta buɗe jadawali a can a gabansu, in ba haka ba tsohuwar ta ci gaba da kwana a gadon asibiti. Ta zauna, ta gyara tabarau, ta ɗaga yatsanta ɗaya da take bugu da shi, ta ce in faɗa mata kalmar.

Na ce bari in buɗe mata ta tafi da shi a buɗe. Murna ta ce da an rufe murfin kwamfutar yake fita, sai an sake shiga. Na ce to in raka ta asibitin. Mama ta tambaye ni wa zai ɗauko Alheri daga makaranta a Manchester. Na jawo biro da takarda a hankali, sai na ga Murna ta ɗaga 'yar takardarta rawaya tana kaɗawa.

"Auntie, you said ba a rubutawa."

Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Na ajiye biro, na sunkuya zan raɗa wa Mama a kunne, alhali na san kunnen nan ya daɗe da yin nauyi. Ta kauda kai ta ce, "Ba ta kowa da kowa ba ce? Faɗa da ƙarfi duk mu ji, mu huta."

Akwai abin da ban gaya muku ba. Mijina ɗan fari ne. Mama kuwa, yadda iyayenmu suke yi da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta san yana wuri. In za ta yi zancensa sai ta ce wancan na Manchester. Wato kalmar da na zaɓa wa kamfani, mata biyu ne a duk Ingila ba sa iya furta ta, kuma mu biyun ne muke kallon juna a kan tebur ɗaya.

Na ga hanyar da ta rage mini ita ce in faɗa harafi-harafi, ko Allah zai sa kada kowa ya haɗa. Na faɗi na farko, Mama ta maimaita da ƙarfi, ta nemo shi, ta danna. Na faɗi na biyu, ta maimaita. Na uku ma haka. Da muka kai na huɗu sai ta daina maimaitawa. Yatsan ya tsaya a sama. Ta dube ni ta saman tabarau, na dubi kafet. Ofis ya yi tsit, har ana jin mai shagon ƙasa yana yaga yadi.

"Ci gaba," in ji ta.

Na ci gaba, muryata kamar ta sauro. Sunan ya ƙare, Mama ta kai hannu za ta danna shiga, na ce da saura. Ban san yadda na fitar da sauran ba, na dai san zufa tana bin bayana, a garin da ko rana ba a gani ba ranar. Ina kaiwa ƙarshe, Murna, wadda take ta haɗa haruffan a bakinta kamar 'yar aji ɗaya, ta ɗago kai ta karanta wa jama'a a fili:

"Ishaya... Mai... Kumatu... Nawa. Auntie, mene ne kumatu?"

Wata dattijuwa cikin ma'aikatan, mutuniyar Zonkwa, sai ta hura kumatunta ta nuna mata da yatsa. Shi ke nan aka fashe. Wata ta ƙware da ƙosai aka shiga bubbuga mata baya. Murna ta zame daga kujera tana tambaya ko wannan yayan nata ne da ba ya murmushi ko a hoto, tana kuma tambaya ina wuƙar da aka sa mini a wuya. Ni dai ina tsaye riƙe da jaka, ina roƙon Allah ya sa ƙararrawar gobara ta kaɗa.

Mama kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta danna, rumbun ya buɗe, ta duba, ta rufe kwamfutar ta sa a jaka. Ta ce Allah ya kai ni lafiya, in gai da mutanen gida. Ta sauka matakala.

Dariyar ba ta dame ni kamar wannan shirun ba. Duk hanyar komawa Manchester ina jin tsoro, tsoro na gaske. Na ɗauka shi ke nan, matar da take kafa misali da ni ta gano kunyar tawa ta baki ce, kuma na sa ta buga sunan ɗanta na fari a gaban ma'aikatanta, har da ƙarin rashin ta-ido a wutsiya. Na ɗauko Alheri, na dafa abinci, maigidan ya dawo yana ci yana ba ni labarin wajen aiki, na kasa kallon fuskarsa. Duk lomar da ya kai baki sai abin da ya ja mini ya motsa.

Da Ladi ta kira ta ce ta koma ofis ta rufe, sai na yi ta maza na kira Mama. Na durƙusa a kicin, ko da yake ba ganina take yi ba. Na gaishe ta, na tambayi tsohuwar asibiti, ta ce an gama, gobe za ta koma gida. Na ba ta haƙuri, na ce kuskure ne, kuma yanzu-yanzu zan canza in sa wata kalma ta mutunci.

"Wa ya ce ki canza?"



"'Yata," in ji ta, "ni na zaɓi sunan nan tun yana ciki, ni ce kuma ban taɓa kiransa ba tun ranar da aka raɗa masa. Yau a asibiti na buga shi da yatsana, ba wanda ya ji, ban saɓa wa kowa ba. Da aka gama zaman, sai da na rufe na sake buɗewa don kawai in ƙara bugawa. Ki bar mini abina."

Na ce to Mama, ko a cire na ƙarshen, a bar sunan kawai.

"Su ma ki bar su. Ai nawa ne kafin su zama naki."

Na ji tana dariya ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji ba a kan zancen ɗanta. Ni kuwa ga dariya ga hawaye, a durƙushe gaban firij. Ban taɓa jin ina son matar nan kamar ranar ba.

Haka kalmar ta zauna, har zuwa lokacin da kamfani ya koma wani tsarin da kowa ke da tasa. Kafin nan, duk sabuwar ma'aikaciyar ofis da aka ɗauka sai an faɗa mata da baki, tunda ba a rubutawa, kuma kun san wa Mama ta ɗora wa aikin faɗar. Maigidan bai san komai ba sai da muka je wani taron coci a Birmingham, ya ga mata suna gaishe shi suna danne dariya, ba wadda ke kallon idonsa, duk ƙasa da ido kaɗan suke kallo. A mota ya tambaye ni ko wani abu ne ya maƙale masa a fuska. Na ce masa tun haihuwa.

Wa'azin kunya kuwa na ajiye shi, ba don na daina jin kunya ba, sai don ba mai saye. Abin da na koya shi ne, kalmar da mutum fiye da ɗaya zai shiga da ita ba sirri ba ce, sanarwa ce da ke jiran ranarta. Kafin ki zaɓa, ki tsaya gaban madubi, ki ɗauka surukarki ce take kallonki, ki faɗa da ƙarfi. In bakinki ya iya, sai ki sa.